Tukunyar da ake cikawa ko tankin ƙarƙashin mota? Ga abin da zan ce ka saya

Salam ɗan uwa. Tsakanin biyun nan da ka tambaya, tukunyar gas da ake cikawa a gidan mai da tankin da ake ɗaurewa a ƙarƙashin motar kwana (mota mai ɗakin kwana da kicin a ciki), ni dai tukunya zan ce ka saya, guda biyu masu kilo 11 in akwatin gas ɗin motarka zai ɗauka, in kuma ya yi kaɗan ka haɗa mai 11 da mai 6. Su nake amfani dasu kuma wallahi ban taɓa jin na yi asarar kuɗina ba.

Abin da ya sa na ƙara son su, wata tafiya ce da muka yi da iyali lokacin sanyi, mun tsallaka Faransa muna neman shiga Italiya ta cikin duwatsu, dare ya yi mana muka yada zango a wani fili da ake ajiye irin motocinmu. Hita na aiki tun magariba, yara sun yi barci ko bargo basu ja ba, can cikin dare tukunya ɗaya ta ƙare na fita na buɗe ta biyun, shikenan na koma na kwanta. Da safe sai ga wani dattijo da ya kwana a gefenmu yana ƙwanƙwasa ƙofa hannunsa na rawa, shi da matarsa sun taso daga Ingila da tukunyar musanya, irin wadda in ta ƙare ake mayarwa a karɓo cikakkiya, ta ƙare musu tun tsakar dare kuma duk inda ya tambaya a Faransa ba mai karɓarta, don kowace ƙasa da irin tukunyarta da irin bakinta. Muka shigo dasu suka ji ɗumi, maman yara ta dafa musu ruwan zafi, ni kuwa da muka hau hanya gidan mai na farko da na ga an rubuta GPL, wato LPG, gas ɗin da ake cikawa a famfo, na tsaya na cika tawa cikin 'yan mintuna. Kaga amfanin kenan. Kuma ba sai ka jira ta ƙare ba, ko rabi ta sauka ka ƙara, abin da ka sha shi zaka biya, ba irin ta musanya da zaka mayar da sauran gas a ciki ka bar musu kyauta ba.

Tankin ƙarƙashi kuwa, to ba zan ce bai da amfani ba, yana bar maka akwatin gas fanko ka zuba kaya. Amma yana can ƙasa yana shan ruwa da laka da gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa na cinsa kai baka gani, in ya samu matsala sai an ɗaga mota, ranar da zaka sayar da motar kuma ka bar shi kenan. Tukunya kwance ta zaka yi ka kai sabuwar mota. In motarka ƙarama ce da babu akwatin gas sam, to nan kam dole tanki, in ba haka ba ban ga dalili ba.

Kamfanonin da aka fi sani su ne Gaslow da GAS IT da Alugas, ita Alugas ta alminiyam ce, nauyinta wajen rabin na ta ƙarfe, kuma wannan ba ƙaramin abu bane ga wanda lasisin tuƙinsa ya tsaya a mota mai nauyin kilo 3,500, don ruwa da kekuna da kayan yara suna cinye nauyin tun baka ankara ba. Ko wacce ka zaɓa, abu ɗaya ne ba a wasa dashi, lallai ta zama tana da bawul ɗin da ke datse cikawa da zarar ta kai kashi 80 cikin 100. Gas ɗin a matsayin ruwa yake shiga, in rana ta buga shi sai ya kumbura, wannan kashi 20 da aka bari a sama shi ne wurin da zai sake. In aka cika ta fam ba wuri, ko dai ta fesar da gas ta bawul ɗin kariya a cikin akwati, ko ruwan gas ya bi tiyo ya wuce regileta mai rage ƙarfin gas ya isa murhu, Allah ya kiyaye.

A nan ne zan ja maka kunne duk da baka tambaya ba. Akwai marasa tsoron Allah a intanet da ke sayar da wani ɗan ƙarfe mai araha, suna cewa da shi zaka cika tukunyar musanya ta gama-gari a gidan mai. Kar ka kuskura. Ita wannan tukunyar bata da abin datsewa, a ma'aikata da sikeli ake auna ta, famfo zai yi ta turawa ne kawai har ta cika maƙil, kuma irin wannan ganganci ne ya sa wasu gidajen mai suke korar masu motar kwana gaba ɗaya har da mu da muke da kayan ƙwarai. Wasu kuma tsohon tankin ƙaramar mota mai aiki da gas suke yi wa fenti su ce na motar kwana ne, alhali shi wancan ruwan gas yake fitarwa don inji, kai kuma tururin kake bukata. In tanki ne ka duba farantin jikinsa ka ga shaidar R67 ta ingancin tankin gas da shekarar da aka ƙera shi, don bayan shekara 10 ana so a duba ko a canza. Wanda ya ce maka fenti ya rufe lambar, ko ya ƙi turo hoton farantin, rabu dashi kawai.

Sai maganar bakin cikawa. Ka sa a fasa jikin motar a saka shi a waje, kar a bar shi cikin akwati, don ma'aikacin gidan mai in ya ga ka buɗe ƙofa yana hango tukwane nan take zai kashe famfo ko da taka mai kyau ce. Ka kuma sayi adafta tun kafin ka tashi, don bakin famfo ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, Ingila bakin Bayonet ne, Faransa da Italiya Dish, Jamus da Beljiyam ACME, Sifen kuma Euro. Ka riƙa sa safar hannu, lokacin da zaka cire bindigar famfo wani ɗan farin tururi yana fesowa da ƙara, sanyinsa ƙona fata yake yi. Kuma a lita ake sayarwa ba kilo ba, lita ɗaya kusan rabin kilo ce, don haka mai kilo 11 in ta ƙare ƙaf zata sha lita 21 zuwa 22, in ka ga mita na wuce haka saki maɓallin nan take, bawul ɗin ya lalace.

Kayi la'akari da sanyi ma. Gas ɗin iri biyu ne, furofen da biyuten. Furofen yana zama tururi har a digiri 42 ƙasa da sifili, shi kuwa biyuten da an kusa sifili ya kwanta, kuma gas ɗin gidajen mai a kudancin Turai gauraye ne, biyuten ya fi yawa lokacin zafi. In zaka hau duwatsu ka cika a yankin da ake sanyi. Hita ce mai cin gas, babba in an ƙure ta tana iya shan kusan rabin kilo a awa, firij da murhu kam ba wani abu bane, shi ya sa nace biyu. A Ingila gidajen mai masu LPG sun ragu sosai, to in ɗaya ta ƙare ka fara neman inda zaka cika, kar ka jira ta biyun.

Ɗaurawa kuma ka kai wa mai takardar shaidar aikin gas, ya sa maka matatar gas kafin regileta saboda maiƙon da ke biyo gas ɗin famfo, ya gwada yoyo a gabanka ya baka takarda, sannan ka sanar da kamfanin inshorarka. In zaka bi ramin jirgin ƙasa na tsakanin Ingila da Faransa ko jirgin ruwa, ka rufe bawul ɗin duka biyun tun kafin ka shiga layi, zasu duba. Allah ya sa ka saya a sa'a.