Yaya, ga labarin gashin naman Bankok da ka tambaya

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya, da Inna da yara da duk mutanen tukuba.

Ka tambaye ni ko ina samun tsire a nan. Irin namu mai ƙuli dai ban gani ba. Amma akwai wani gashi da ya sa nake tuna ka duk ranar da na ci. Suna ce masa suwa rong hai, wato "kukan damisa", asalinsa daga Isan ne, arewa maso gabashin Tailan. Ya fi kama da balangu.

Abin da ya fi wahala shi ne samun inda za ka ci da kwanciyar hankali. Yawancin sandunan naman da ake gasawa a bakin titi na alade ne, kuma a ido sai ka rantse tsire ne. Don haka sai na ga alamar halal, ko na ga mai sayarwar da hijabi, kafin in zauna. Wajen Ramkhamhaeng nake zuwa, inda Musulmi suke da yawa. Naman sa a nan ya fi kaza da alade tsada, kuma da yawa daga mahautansa Musulmi ne, har da jikokin Patan, mutanen yankin Pakistan da Afganistan, da suka daɗe a harkar shanu.

Matar da nake ci a wurinta naman ƙirji take ɗauka, mai ratsin kitse. Ba ta fere shi siriri kamar yadda kake yi, da kaurinsa take jiƙa shi cikin ruwan waken soya da tafarnuwa da masoro da ɗan sukari. Murhunta na yumɓu ne, bai fi bokiti ba, gawayi a ciki, waya a sama. Idan kitse ya fara ɗiga a garwashi sai ta juya, ta sauke, ta bar shi ya huta kafin ta sa wuƙa, kuma ta gicciye take yankawa. Su sun fi so cikinsa ya rage ja. Ni kam ba zan iya ba, sai na ce ta mayar ya gasu sosai, yanzu har ta san ni.

Sirrin duk yana cikin romon da ake dangwalawa, nam jim jeu. Na tsaya na kalle ta tana haɗawa. Ɗanyar shinkafa mai danƙo take soyawa a busasshen kasko har ta yi launin ƙasa, ta daka a turmi, ba luƙui ba, da ɗan tsakinta. Sai dakakken busasshen barkono, ruwan tsamiya, lemon tsami, sukarin giginya, albasa da lawashi, da ruwan kifi da suke kira nam pla. Warinsa ya kore ni da farko, daga baya na gane daddawarsu ce. Tsami da yaji da gishiri da zaƙi duk a loma ɗaya, tsamin yana yanke maiƙon, har ka gama ba ka ji nama ya gundure ka ba. Da shinkafa mai danƙo ake ci, a ɗan kwandon gora, ka mulmula da hannu kamar tuwo, ga kabeji da kokwamba a gefe.

Gaskiya naman shanunmu ya fi nasu ɗanɗano, kuma yajinka babu irinsa a nan. Inda suka fi mu shi ne adanawa. Namanta cikin ƙanƙara yake har lokacin ɗorawa a wuta, don wutar lantarki ba ta yi musu wasa. Kuɗin faranti a rubuce yake, ba ciniki, ba ɗanɗano ba gyara, kuma da waya nake biya. Wannan ɗan yankan da kake miƙa wa mai saye kafin ya ce na nawa, ina kewarsa ƙwarai.

Ka gwada romon nan a balangun daren Juma'a. Tsamiya da barkono da lemon tsami duk suna kasuwar Rimi, mazarƙwaila za ta maye sukarin, gishiri da ɗan garin daddawa su tsaya a madadin ruwan kifi. Ka fara ba Inna ta taɓa.

Idan an samu mai tahowa sarin kaya kasuwar Pratunam ta nan Bankok, don Allah a haɗo ni da yaji da ƙuli, a ɗaure su sosai a leda biyu. Na yi wa matar nan alkawarin za ta ɗanɗana namu.

Ƙaninka.