Legas, Abuja ko Zariya: ina Basakkwace zai nufa in yana neman zanen hannu na gaske?

Ƙanena ya kammala gininsa a Arkilla bayan babbar salla. An shafe falo da farin fenti, an shimfiɗa kafet, an jera kujeru, sai bango ya tsaya fayau. Ya ce shi fa ba ya son firam ɗin nan da ake shigowa da su kwali-kwali, waɗanda duk gidan da ka shiga sai ka tarar da irinsu. Aikin hannun mutum yake so, wanda babu na biyunsa. "Yaya, ina aka zuwa a ga irin wanga abu, kuma a saye shi ba a yi ma mutum wayo ba?" Da yake aiki ya sha kai ni Legas da Abuja, kuma ina da ɗabi'ar leƙa gidajen zane in na samu sarari, sai muka zauna bayan isha'i na zayyana masa abin da na sani.

Wuraren iri biyu ne, kuma mutane kan haɗa su. Akwai babban baje koli na 'yan kwanaki, inda gidajen zane da yawa ke kama rumfuna a rufi ɗaya, a yanki tikiti a shiga. Akwai kuma gidan zane na dindindin, wanda ake kira galari, inda ake rataye aikin mutum ɗaya ko biyu na tsawon makonni, shiga kuma galibi kyauta ce. Na farkon kamar ranar kasuwar Achida yake: ka ga kaya iri-iri, ka ji farashi, amma hayaniya ba ta barin ka yi tunani. Na biyun kamar ka je gidan mai kiwo ne ranar da ba kasuwa, ya shimfiɗa maka tabarma, ka duba dabba a tsanake.

Babban baje kolin ƙasar nan shi ne ART X Lagos, wanda Tokini Peterside ta kafa a 2016. Farkon watan Nuwamba ake yin sa, a 'yan shekarun nan a otal ɗin Federal Palace da ke Victoria Island. Gidajen zane daga Najeriya, Ghana, Senegal, Kwaddibuwa har da na Turai sukan zo. A wuni guda za ka ga abin da sai ka yi shekara kana yawo kafin ka gani, kuma wannan shi ne amfaninsa na gaskiya: yana buɗe ido. Sai dai ga mai sayen farko daga Sakkwato, lissafin bai cika fita ba. Jirgi zuwa Legas, yawanci ta Abuja, da masauki a tsibiri a makon da kowa ke neman ɗaki, da kuɗin mota cikin cunkoso, in ka tara su sun kai kuɗin zane mai kyau na matashin mai zane. Ga shi kuma kafin a buɗe wa jama'a ƙofa akan fara shigar da manyan masu saye da aka gayyata, su zaɓe na zaɓe. In ka ga ɗan jan ɗigo manne kusa da sunan aiki, an riga ka ke nan. Yawancin manyan ayyukan ma da dala ake faɗin kuɗinsu. Na ce wa ƙanena Legas wurin kallo ce, ya je da littafin rubutu, ya bar katin banki a aljihu. In ya je kuwa, kada ya dawo bai shiga gidan zanen Nike Davies-Okundaye da ke Lekki ba. Bene ne hawa-hawa cike da zane da rini da sassaƙa, ba a karɓar ko sisi a ƙofa.

Abuja ta fi mana sauƙi nesa ba kusa ba. Daga filin jirgin Sultan Abubakar na Uku tafiyar kamar awa ɗaya ce, kuma da wuya Basakkwace ya rasa ɗan'uwan da zai sauka wurinsa. Akwai Thought Pyramid a Wuse 2, akwai Retro Africa, Nike ma tana da reshe a can. A irin waɗannan wurare kana iya tsayawa gaban zane rabin awa ba mai tura ka, ka tafi ka dawo washegari ka ga ko har yanzu yana burge ka. Farashin galari ya fi na hannun mai zane, domin gidan na cire la'adarsa, wadda kan kai rabin kuɗin. Kafin ka ce an yi tsada, dubi abin da kake samu: takardar shaida mai ɗauke da sunan mai zanen, shekarar aikin, girmansa da irin fentin da aka yi amfani da shi, da rasit, da kuma wurin da za ka koma in wata matsala ta taso. Ana ciniki, amma ba irin na kasuwar Shehu Shagari ba. Wanda ya raba kuɗi biyu ya taya, murmushi kawai za a yi masa. Ragin kashi goma cikin ɗari abu ne da ake nema ba kunya, kuma gidaje da dama sukan yarda a ba da kafin alƙalami a cika saura daga baya.

Abu ɗaya da za ka tambaya ko'ina: wannan shi ne na asali, ko bugu ne? In ka ga an rubuta 7/50 da fensir a ƙasa, ma'anarsa kwafi na bakwai cikin hamsin da mai zanen ya buga ya sa wa hannu. Ba jabu ba ne, amma bai kamata a sayar maka da shi a kuɗin wanda babu irinsa ba.

Ni dai zuciyata tana Zariya. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ya girmi jami'ar kanta, don tun zamanin kwalejin da ta rikiɗe ta zama jami'a a 1962 ake koyar da shi. A nan ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu da Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta ce a daina kwaikwayon Turawa ido rufe, a haɗa dabarar da aka koya da adon gargajiyar gida. Ayyukan waɗannan mutane yau sai a wurin gwanjo, da kuɗin da ba na irinmu ba. Amma ɗakunan aikin suna nan a Samaru, kowace shekara ana yaye ɗalibai, kuma 'yan ajin ƙarshe sukan baje abin da suka yi. A nan za ka yi magana da mai zanen da Hausa, ka ji abin da ya sa ya zaɓi wannan launi, ka saya da kuɗin da ba zai hana ka barci ba. Kasadar ita ce ɗalibi kan yi tsimi wajen kayan aiki. Juya zanen ka duba baya: katakon ya bushe ko ɗanye ne, yadin ya ɗame ko yana lilo. Kuma kada ka saya da niyyar riba. Labarin zanen Ben Enwonwu, fitaccen mai zanen Najeriya, da aka sayar a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2 ya ruɗi mutane da yawa, alhali akasarin zane in ka tashi sayarwa ko uwar kuɗi ba za ka mayar ba. Sai kuma hanya. Kusan kilomita 400 ce ta Gusau da Funtuwa, kowa ya san halin da take ciki. Tafiyar hantsi ce, kuma a tambayi direbobin tasha kafin a kama ta.

Akwai maganar da ba a yi a Legas amma dole a yi ta a nan Sakkwato. Gidaje da yawa a garin nan ba za su rataye siffar mutum ko dabba a falo ba, kuma ƙanena na cikinsu. Ya ce ranar da Baba ya zo ganin gida ba ya son a fara da wa'azi. Wannan bai rage zaɓi yadda ake zato ba. Kaso mai yawa na zanen zamani launi ne da layi da siffofi marasa rai, ko aikin zare da yadi, ko rubutun Larabci da aka sarrafa. Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda gidan Tate Modern na Landan ya baje ayyukansa a 2013, daga rubutun allo ya ɗauko hannunsa. Ka faɗa wa mai galari sharaɗinka tun daga ƙofa, zai san abin da zai fito maka da shi. Ka kuma tambayi da me aka yi aikin. Manyan labulen ƙarfen nan masu ƙyalli na El Anatsui ɗan Ghana, da ake yabo duniya duka, da murafun kwalaben giya ake ɗinka su. Ba wai za mu iya sayensu ba, amma masu kwaikwayonsa sun yi yawa.

Sannan yanayinmu. Zanen da ya zauna lafiya a sanyin Legas zai sha mamaki a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, sannan hunturu ya zo da ƙura da bushewar da ke tsaga katako. Fentin akirilik a kan yadi ya fi jurewa, ana share shi da busasshen burushi mai laushi. Aikin takarda, na tawada ne ko na gawayi, sai an sa masa gilashi an toshe bayansa, kuma a nisanta shi da tagar da rana ke shigowa, in ba haka ba launin ya koɗe cikin 'yan shekaru. Wajen ɗaukowa, ka sa a cire yadin daga katakonsa a naɗe shi cikin bututun kwali, fenti yana waje, ka riƙe shi a hannu cikin jirgi, a sake ɗame shi a gida. Gilashi kam kada ya hau bayan mota daga Zariya.

Wani zai iya tare ka da tsohon gunkin yumɓu ya ce daga ƙasa aka tono shi, ya ba ka a ɓagas. Ka yi nesa da shi. Irin waɗannan kayan tarihi na Nok da Sakkwato da Katsina suna cikin jerin da aka haramta fataucinsu, dokar 1979 ta sa su ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kuma da yawa daga waɗanda ake yawo da su jabu ne da aka binne aka tono.

Dakar ta Senegal na yin nata babban taron zane duk shekara biyu, ɗan Najeriya kuma ba ya buƙatar biza. Marrakesh ta Maroko na karɓar baje kolin zanen Afirka da ake kira 1-54 a farkon shekara. Waɗannan na wanda ya riga ya yi nisa ne.

Da muka zo tashi na ce masa kafin ya yanki tikitin ko'ina ya fara zagaya gida tukuna. Ya je wurin masu zayyanar allon sauka, ya shiga Madunka ya ga abin da dukawa ke yi da jar fatar akuyar nan tamu da aka daɗe ana kai wa har Maroko, ya ba da aikin da za a yi masa daidai faɗin bangonsa. Ya ce zai yi, amma Abuja ma sai ya je. Ya auna bangon da tef, mita uku da rabi, ya rubuta a bayan katin ɗaurin aure, ya ɗauki hoton kujerun a waya don ya gwada launi idan ya isa.