Na koyi haɗa sola ta waya a Legas: ga yadda na samu kwas ɗin

Wata makarantar koyon sana'a mai zaman kanta a nan Legas ce ke gudanar da kwas ɗin, kuma mafi yawan karatun ta waya ake yin sa. Tun da na kammala, 'yan'uwa a Agege da Mile 12 suke ta tambayata ko kuɗin da na biya ya yi amfani. Ya yi amfani ƙwarai, sai dai ba kowane ɓangare ne ya gamsar da ni ba, kuma ina so duk mai niyyar shiga ya san abin da zai tarar kafin ya tura kuɗinsa.

Sana'ata gyaran janareto ce. Daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, masu aski da teloli da masu sayar da ruwan sanyi suka fara jingine ƙananan janaretocinsu, domin abin da suke samu a rana bai kai na mai ba. A Afrilu 2024 kuma aka ƙara kuɗin wuta ga waɗanda ke rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana. Sai kowa ya koma cigiyar sola. Wanda ya shiga kasuwar Alaba International da ke Ojo a 'yan shekarun nan ya ga yadda farantan sola da batura suka cika rumfuna. Ni kuwa mai iyali ne. Rufe shago in koma yaron wani ba zai yiwu ba, zuwa aji kowace yamma cikin gosulon Legas ma ba zai yiwu ba. Abin da ya kai ni karatun waya ke nan.

Abin da ya fi komai kyau a kwas ɗin shi ne gajerun bidiyoyin da aka riga aka ɗauka aka zuba a manhajar makarantar. Kowanne bai kai minti 10 ba, kuma ana iya sauke shi a waya a kalla ba tare da data ba. An kafa kyamara a saman tebur, ba ka ganin fuskar malamin, hannunsa kawai kake gani da biro da farar takarda, sai kayan aikin da yake ɗauka yana nunawa. A darasin batir, ya rubuta bolt 12, ya ninka da amfiya 200, ya fitar da 2,400, wato wat ɗin da batirin zai iya bayarwa na awa guda. Sannan ya ja layi ya raba biyu, ya ce batir mai ruwa ba a shanye fiye da rabinsa idan ana so ya daɗe, don haka 1,200 ne naka. Ya kawo misalin shago mai fanka biyu, kowace wat 70, da ƙwan fitila biyar, kowane wat 10. Jimla 190. Ashe batirin da mai shago yake zaton zai kai shi asuba, awa shida kawai zai yi, ban da abin da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ke sha a hanya. Nan na gane dalilin da ya sa ake yawan kukan batir ya mutu tun bai shekara ba: ana tatse shi ne kowane dare har ƙarshe.

Irin wannan bayani ba kasafai yaro ke samu a wurin Oga ba. A gareji ko a shago kallo ake yi, a miƙo sufana, a riƙe tsani, kuma tambaya in ta yi yawa sai ta zama rashin kunya. Bidiyo kuwa ka mayar da shi baya iya son ranka, bayan sallar Asuba ko lokacin da kasuwa ta lafa. Na kuma ji daɗin yadda malamin ya yi la'akari da garin da muke ciki. Ya ja kunnenmu cewa lissafin da ya yi daidai a Kano ko Sakkwato zai gaza a Legas, domin ranar Legas ba ta kai ta Arewa ƙarfi ba, balle a Yuni da Yuli da hadari ke wuni a sama. Ya kuma yi darasi guda a kan iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe da kusoshi a wurare irin su Lekki da Badagry.

Ajin kai-tsaye na dare shi ne inda kwas ɗin ya yi rauni, kuma abin ya dame ni domin shi aka fi tallatawa. Ana fara shi daidai lokacin da muke fitowa daga sallar Isha'i, mutane da yawa a lokaci guda, wani janareton maƙwabcinsa na ruri a bayansa, wani sabis ya yanke masa ya dawo yana tambayar abin da aka riga aka wuce. Malamin ajin, wanda ba shi ne mai bidiyon ba, karanta abin da ke rubuce a allo kawai yake yi, da Turanci mai sauri. Ga cin data, musamman tun da hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a farkon 2025. In aka ɗauke wuta wayarka ta mutu, sai ka jira a ɗora abin da aka naɗa, shi ma doguwar magana ce ta kusan awa biyu da ba a yanka ta ba. A ganina, da an bar bayani ga bidiyo, an mayar da ajin dare na amsa tambayoyi zalla, da kowa ya fi ƙaruwa.

Abin da ya cike giɓin shi ne WhatsApp. Aikin gida ba rubutu ba ne: za ka ɗauki kanka a bidiyo kana auna batir da mita ko kana jona waya, ka tura, malami ya amsa da saƙon murya. Akwai wani matashi a cikinmu da ya yi acaɓa a Ikeja kafin a hana a Yuni 2022. Ya tura nasa yana haɗa ƙaramin faranti da na'urar da ke daidaita caji. Malamin ya tsayar da bidiyon, ya zagaye wurin da jan layi, ya gaya masa cewa batir ake fara jonawa kafin faranti, domin na'urar ta fara gane ko bolt 12 ne ko 24. Dukanmu muka gani, kuma ban ƙara ganin wanda ya maimaita hakan ba.

Mu Hausawan ajin kuma muka buɗe namu zauren. Akwai wani dattijo a cikinmu da ya yi difloma a Yaba College of Technology tun yana saurayi, shi ke sake bayanin darasi da Hausa. Matashin nan zai turo murya ya ce, "Baba, don Allah a maimaita mana maganar firjin nan." Dattijon ya amsa, "To ɗana, firji in zai tashi yana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da aka rubuta a bayansa, saboda haka ka bar wa inbata sarari." A zauren nan ne da yawa suka riƙe bambancin jona batura jan kan wannan da baƙin kan wancan, wanda ke ƙara bolt, da jona su ja da ja, baƙi da baƙi, wanda ke ƙara amfiya. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Makarantar ba ta tanadi wannan ba, kuma ya kamata ta tanada, domin ɗalibanta da dama da Hausa ko Yarabanci suke tunani.

Sai aikin hannu na ranar Asabar a wurin makarantar. Shi ne zuciyar sana'ar, kuma ya yi kaɗan. Bidiyo ba zai sa ka ji a tafin hannunka ko ka matse kan waya yadda ya kamata ba, alhali kan da bai matsu ba shi ke ɗaukar zafi har ya narka roba. Bidiyo ba zai koya maka taka kwano a kan layin ƙusa, inda katako yake a ƙasa, ba. Ranakun da aka yi sun yi albarka, malaman suna da haƙuri, amma mun yi wa kayan aikin yawa, wani sai ya wuni bai taɓa komai ba sai kallo. An kuma ɗaga wasu ranakun ba a rama ba. Wannan ne babban ƙorafina.

Maganar takardar shaida ma a yi ta tun farko. Tamu ta makarantar ce kawai. Ta ishi mai aikin kansa, amma mai neman aikin kamfani ko kwangila ya bincika ko kwas ɗin zai kai shi ga jarrabawar NABTEB, hukumar shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa, ko gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ko shaidar ƙwarewa ta ƙasa, wato NSQ, da hukumar ilimin fasaha ta NBTE mai hedikwata a Kaduna ke kula da ita. Mai son digiri daga nesa kuwa hanyarsa daban ce, akwai jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, NOUN, da ke da cibiyoyin karatu a Legas.

Wanda ya riga ya saba da wayar wuta da sufana, kamar mai gyaran janareto ko mai wayarin ɗin gida, zan ce masa ya shiga ba tare da ɗar ba, lissafin kaɗai ya biya kuɗinsa. Wanda bai taɓa riƙe mita ba, kada ya biya sai ya tambayi ranakun aikin hannu nawa ne, mutum nawa ke kan kayan aiki ɗaya, kuma ko ana iya sauke bidiyoyin. Ya kuma nemi Ogan da zai riƙa bi zuwa aiki a ƙarshen mako. Ni ma yanzu haka nake yi, ina bin wani Oga a Ogba, kuma sai na ƙara hawa kwanuka da dama tare da shi kafin in karɓi aikin gida guda ni kaɗai.