Baƙin romo da tsiren safe: abin da na ci a Zamboanga

Kwana biyar na yi a Zamboanga, birnin da ke bakin teku a yammacin tsibirin Mindanao na ƙasar Filifins, kuma tun kafin jirginmu ya tashi daga Manila babbar damuwata ita ce abin da zan ci, domin naman alade ya shiga girkin ƙasar sosai. Mafi yawan mutanen birnin Kiristoci ne masu magana da Chavacano, harshen da ya samo asali daga Sifaniyanci, amma akwai Musulmi da yawa, musamman ƙabilun Tausug da Sama da Yakan, kuma a gidajen abincinsu na samu abin da ya sa nake wannan rubutu.

Satti na fara ci, da sassafe, domin shi ne karin kumallon mutanen garin. Tsire ne, sai dai tsinkensa siriri ne kuma yankan naman bai wuce kan ɗan yatsa ba, na kaza ko na sa ko hanta. Babu ƙuli-ƙuli a jikinsa. Ana gasa shi a kan garwashi, sannan a tsoma shi cikin kwano mai cike da jar miya mai kauri, tare da gutsattsarin shinkafa da aka dafa a cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa har ta dunƙule kamar tuwo. Naman ya gasu yadda ya kamata, yajin kuma ya isa, amma gaskiya sukarin miyar ya yi mini yawa a ranar farko, kuma sai a rana ta uku bakina ya saba da haɗuwar zaƙi da barkono a kwano ɗaya. Wanda yake so ya ci ya yi sammako, saboda da na je wani shago bayan azahar na tarar tukunya ta ƙare.

Abincin da ya fi kama zuciyata shi ne tiyula itum, wato baƙin romo na Tausug. Da aka ajiye mini kwanon na ɗan ja baya, domin romon baƙi ne wuluk kamar an jiƙa gawayi. Matar da ke girkin ta lura da fuskata, sai ta ɗauko ɓallen kwakwa da aka ƙona har ya yi baƙi ƙirin ta nuna mini, ta kwatanta da hannu yadda ake kankare shi a daka tare da citta da kurkur da tafarnuwa da barkono, a cuɗa naman sa ko na akuya da shi kafin a ɗora a wuta da ciyawar nan mai ƙamshin lemo. Na zaci zan ji ɗacin ƙonewa, amma abin da na ji ƙamshin hayaƙi ne mai laushi a bayan zafin citta, naman kuma ya dahu har yana rabuwa da cokali. Ya fi kusa da farfesunmu a cikin duk abin da na ci a ƙasar, ko da yake ya fi shi zurfin ɗanɗano. Abinci ne na biki da Sallah a wurinsu, kuma na fahimci dalilin wannan daraja tun a loma ta biyu. Da wannan ƙonanniyar kwakwa ake yin piyanggang, kaza da ake dafawa da madarar kwakwa sannan a gasa, ita ma na ci sau biyu ban ƙoshi da ita ba.

Curacha kuwa, jar ƙaguwar da kowa ke ambata idan an ce Zamboanga, ban ga ta kai yadda ake kururuta ta ba. Miyar kwakwar da ake zuba mata tana da daɗi ƙwarai, amma a gidan abincin da na ci kuɗin ya ninka na baƙin romo sau da yawa, ga wahalar fasa ɓawo kafin a kai ga ɗan naman da ke ciki. Wanda ke son abincin teku ya gwada sau ɗaya.

Da yamma nakan zauna a Paseo del Mar, wurin shan iska a bakin teku, kusa da ganuwar Fort Pilar da Sifaniyawa suka gina a 1635, in sha knickerbocker, haɗin mangwaro da ayaba da kankana da madara da askirim a kofi, wanda ke kashe zafin garin nan take. Ranar da zan tafi na sayi lokot-lokot na tsaraba, soyayyen ƙullun shinkafa mai siraran zare da ake naɗewa kamar tabarma, kuma ya iso gida da ƙaras-ƙaras ɗinsa bayan tafiyar kwana biyu a jaka.