Takardar gwajin pH: ta dace da mai koyo, amma ba ta auna lambar bayan ɗigo

Na shafe watanni ina amfani da takardar gwajin pH, irin wadda ake naɗewa a cikin ƙaramar roba tare da jadawalin launuka daga 1 zuwa 14, kuma ban ga abin da ya fi ta sauƙi ba ga wanda yake son ya bambance asid da alkalin da idonsa. Ana yanko ɗan guntu, a ɗiga masa ruwan da ake son gwadawa, sannan a gwama launin da jadawalin. Ɗigo ɗaya na ruwan batirin mota, wanda na ɗebo da safar hannu domin yana cin fata, ya mayar da ita ja wur nan take, ruwan da na jiƙa toka a ciki kuwa ya mayar da ita shuɗiya mai duhu.

Wannan ma'auni na pH, inda ƙasa da 7 ke nufin asid, sama da 7 kuma alkalin, wanda Søren Sørensen ɗan ƙasar Danmak ya gabatar a 1909, yana nuna yawan ƙwayoyin haidirojin masu caji a cikin ruwa, kuma kowane mataki ninki goma ne, ta yadda ruwa mai pH 4 ya ninka mai pH 6 sau ɗari a yawan waɗannan ƙwayoyi. A nan ne raunin takardar yake. Tsakanin 6 da 8, wato kewayen 7 inda ruwa tsantsa yake, launukan sun yi kama ƙwarai, kuma a hasken fitila da dare na sha kasa tantance kore mai ruwan ɗorawa da kore sosai. Ruwan sama mai tsafta yakan kai kusan 5.6 saboda iskar kabon dayoksaid da ke narkewa a cikinsa, amma takardar ba ta iya nuna lambar da ke bayan ɗigon ba, sai dai ta bar mutum yana kirdado tsakanin 5 da 6. Bilic na wanki ma ya yaudare ta, domin ya shuɗanta ta na ɗan lokaci kafin ya cinye launin ta koma fara fat.

Ga ɗalibi ko malamin da ke nuna yadda asid da alkalin ke kashe kaifin juna, ta wadatar, muddin an rufe robar daga danshi. Wanda aikinsa ke buƙatar bambanta 6.8 da 7.2 kuwa, gara ya nemi na'urar lantarki, ya riƙa saita ta da ruwan daidaitawa, wato ruwan da aka riga aka san pH ɗinsa, na 4.01 da 7.00 kafin awo.