Sandunan maganaɗisu a bayan 'yata: abin da na gani

'Yata tana da shekara shida aka sa mata sandunan ƙarfe biyu a baya, irin waɗanda ake ƙara wa tsawo da maganaɗisu. Kafin nan an gwada siminti, an gwada rigar roba mai tauri, amma kashin bayan bai daina karkacewa ba har ya wuce digiri 60 a hoto.

Me ya hana a miƙe shi a haɗe gaɓoɓin gaba ɗaya a huta? Dalilin huhu ne. Huhun yaro yana ƙaruwa sosai har wajen shekara takwas, in aka haɗe kashin baya da wuri sai ƙirji ya tsaya ƙarami, numfashi ya zama wahala har girma. Shi ya sa ake kafa sandunan sama da ƙasa kawai, a bar tsakiya ta ci gaba da tsawo.

Tsohuwar hanyar sai an koma ɗakin tiyata kusan duk wata shida a ƙara tsawon da hannu. Wannan kuwa, wadda Amurka ta amince da ita a 2014, likita yana ɗora wata na'ura a bayan yarinya tana kwance rub da ciki, ta yi ƙara na 'yan mintuna, sandar ta ƙaru da milimita kaɗan. Ba yanka, ba allurar barci. Da ƙafarta take fita. A nan kam ba ni da abin kushewa.

Sai dai a sani, ba warkewa ba ce. Bayan shekarun farko, wani lokaci na'urar takan yi ƙas-ƙas, sandar ta ƙi motsi, domin baya yana ƙara tauri. Sanda tana iya karyewa, ƙugiyar da ke riƙe sandar a jikin ƙashi tana iya kwancewa, wurin tiyatar yana iya ruruwa. Mu ƙugiyar sama ce ta goce, aka sake shiga tiyatar da muka ɗauka mun tsallake. Hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, shi ma sai da sharuɗɗa, kuma hana yarinya mai ƙiriniya tsalle-tsalle aiki ne.

Duk da haka zan sake zaɓar wannan hanyar. Tsayinta ya ƙaru, ta daina haki a kan matakala. Babbar tiyatar haɗe kashin tana nan tafe idan girmanta ya kusa tsayawa, kuma likitanta ya gaya mana haka tun kafin a fara.