Ribit na duka ko na ja, ga mai haɗa jirgi shi kaɗai

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka sayi kit ɗin ƙaramin jirgin sama, wato sassansa da ake sayarwa a warwatse, ka haɗa a garejinka, ba ka da mataimaki, kuma ka rasa wanda za ka kama tsakanin ribit (ƙusar da ke haɗe fallayen ƙarfe) ɗin da ake duka da bindigar iska da wanda ake ja. Toh tun farko dai ba kai ke zaɓar ribit ba, wanda ya zana jirgin ya riga ya zaɓa, kai jirgi za ka zaɓa ribit ɗinsa ya biyo shi. Van's Aircraft da ke Oregon a Amurka, jiragensu RV-7 da RV-10 da RV-14 na duka ne kusan ko'ina, RV-12 ɗinsu kuma yawanci na ja ne. Zenith na Missouri masu CH 750 na ja suke amfani da shi, haka ma Sonex.

Na duka shi ne mai wahalar koyo. Mutum ɗaya na waje riƙe da bindigar iska, ɗaya na ciki ya tokare wutsiyar ribit ɗin da dunƙulen ƙarfe, ana bugawa wutsiyar tana bajewa har faɗinta ya kai ninki ɗaya da rabi na kaurin ribit ɗin, tsayinta kuma rabi, kuma akwai ɗan ma'auni da ake ɗorawa a duba. Bakin falle kana iya matsewa da abin matsa kai kaɗai, amma tsakiyar fiffike ko ƙasan gangar jiki hannunka ba zai kai duka ɓangarorin biyu ba, dole ka nemo wani, ga ƙarar bindiga da ta kwamfaresa wadda sai ka toshe kunne, maƙwabta ma sai sun san kana aiki. Ranar da na fara gwaji a kan guntun falle bindigar ta zame min sau uku a layi ɗaya, kowane zamewa ya bar tabo kamar jinjirin wata a gefen kan ribit ɗin, wallahi sai da na ji kamar in ajiye. Laifina ne, ban danna sosai ba kafin in ja kunamar, kuma iskar ta yi yawa.

Amma fa in ya zauna ya zauna, ba nauyi, kuma in mai shafaffen kai ne wato AN426 sai ka shafa fatar jirgin ka ji sumul. Kuɗin sumul ɗin kuwa lokacinka ne, don kowane rami sai an lotsa shi kan ribit ya samu wurin kwanciya, siririn falle kamar 0.025 na inci lotsawa ake yi, mai kauri ne ake ƙwaƙule bakinsa, kuma ramukan RV sun haura dubu goma. RV-7 na tafiyar wajen mil 200 a awa, a wannan gudun kan ribit da ya ɗago yana cin iska. CH 750 kuwa wajen mil 100 take yi, aikinta tashi da sauka a gajeren fili, ba ruwanta da sumul.

Na ja kam ka zura, ka ja tsinken da ke tsakiyarsa, tsinken ya karye, shi ke nan, daga gefe ɗaya kai kaɗai. Zenith ma har wata dabara gare su, bakin abin jan an kwarkware shi ta yadda ana ja kan ribit ɗin ke tashi ya zama ɗan tudu. Masu cewa na ja ba shi da ƙarfi rabin gaskiya suke faɗi, ɗaya da ɗaya na duka ya fi irin waɗannan, amma mai zane ya lissafa girmansu da tazararsu tun farko. Abin da zai kashe mutum shi ne ya ga na duka ya ba shi wuya ya ɗebo na ja irin na gyaran ƙofa ya cusa a wurin. Kar ka kuskura, sai inda takardar zane ta yarda.

Ko alminiyam ɗin ba ɗaya ba ne. Van's 2024-T3 ne, ya fi ƙarfi amma ruɓewa na kama shi da wuri, shi ya sa ake lulluɓe shi da siririn zallan alminiyam, ka kiyaye karce shi. Zenith da Sonex 6061-T6, ya fi jure danshi.

Inda ba bambanci shi ne gyaran rami, kuma nan lokaci ke tafiya. Bakin huda lamba 40 ga ribit 3/32 na inci, lamba 30 ga 1/8, ka riƙe fallayen da Cleco, wato maƙalin wucin gadi da ake zurawa a rami, ka wargaza, ka kankare ƙaiƙayin bakin kowane rami don daga nan tsagewa ke farawa, ka sake haɗawa, rami kuma kar ya kusanci bakin falle ƙasa da ninki biyu na kaurin ribit.

Ni a matsayinka, tunda kai kaɗai ne kuma na farko ne, na ja zan kama. In kuwa gudun RV ne ya shiga ranka, Van's na sayar da ƙaramin kit na gwaji, ka saya ka buga, ka koyi cire wanda ya lalace ba tare da ka faɗaɗa ramin ba, sannan ka tambayi wanda zai riƙe maka ƙarfen tokara ko zai iya zuwa duk ƙarshen mako.